Usta Ya'ƙub, Mai Juya wa Talabijin Baya

Da hantsi Usta Ya'ƙub yake ɗaga ƙofar shagonsa, a wani lungu na unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira inda tuk-tuk biyu, wato adaidaita sahu, ba sa gifta juna sai an yi cacar baki. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar bene. Yakan share ƙofa, ya ɗora gahawa, sannan ya ɗauko tsumma mai laushi ya shiga goge fayafayansa ɗaya bayan ɗaya. Ba irin ƙananan faifan sidi da muka tashi muka gani ba, waɗannan faifan leza ne, tsofaffin fayafayen bidiyo masu ƙyalli, kowanne ya kai faɗin farantin tuwo. An daina yin su tun kafin yawancin masu wucewa ta lungun su zo duniya. Shi kuwa har yau a kasuwar Juma'a yake farautarsu, su da matattun na'urorin da ke kunna su, ya kawo shago ya yi ta fama da sukundireba da dalma har na'ura ta farfaɗo.

Mutanen lungun sun daɗe da yanke hukuncin cewa a kan faifai dattijon nan ba ya ji ba ya gani. Idan ya hango an rataye faifai a baranda don korar tantabaru, sai ya hau benen da ƙafafunsa masu ciwo ya yi sallama ya roƙa a ba shi. Na ji an ce ya taɓa karɓe wani daga hannun mai shayi da ke jera kofuna a kai, ya sayo masa tire na gaske a madadinsa. Bahaushen Sudan ne, a Khartum ya yi wannan sana'a tun yana saurayi, har yaƙi ya koro shi Alƙahira ya bar ɗaki guda cike da fayafayai. Nan ma ya sake tarawa daga farko.

Da wannan ne kaɗai labarinsa, da ban ɗauki alƙalami ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin ciwon suga ya ci masa ido, likita kuma ya gaya masa gaskiya cewa ɗan ganin da ya rage ba mai daɗewa ba ne. Ina so a san wane ne zai rufe shagon nan kafin ya rufe.

Ni 'yar Zariya ce, karatu ya kawo mu ni da maigidana, muna zaune a unguwar Faisal, nan Alƙahira. Faifan kamun bikina na kai masa, wanda ya kwarzane ya daina tashi. Da na shiga sai na ga shagon da ko mutum uku ba ya ɗauka an raba shi biyu da labule mai kauri. Ta wajen ƙofa teburinsa yake da na'urori. Talabijin kuwa tana bayan labule, ita da kujera guda.

Ya juya faifan a hannu, ya tambaye ni, "'Yata, na maza ne ko na mata?"

Na ce kamu ne, mata ne zalla.

Ya ce, "Tamam. Shiga ciki ki zauna. Ke za ki duba, ni zan gyara. In hoto ya tsaya ki faɗa, in ya yi rawa ki faɗa."

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe haka yake aikinsa tun a Khartum. A bikin mutanen Sudan akwai rawar amarya, wadda ake yi a rufe, daga mata sai ango, kowa ta ajiye lulluɓinta. Mace ce ke ɗaukar bidiyon, a zuba a faifai, a ɓoye a ƙasan akwati. Da yaƙi ya zo, mata da yawa sun fito ba su ɗauki komai ba sai 'ya'ya da wannan faifan, ga shi tafiya ta goge shi, zafi ya tanƙwara shi. Su ne ke sallama a shagon nan. Yakan goge kwarzanen, ya yi ta canza na'ura har ya sami wadda idonta zai iya karanta faifan, ya kwafe wa mai shi a filashi, duk yana ba talabijin baya. Kunnensa da bakin mai faifai su ne madubinsa.

Usta Ya'ƙub, kai ne wanda mata ke miƙa wa abin da ba sa nuna wa 'yan'uwansu maza, su koma gida hankali kwance. A garin da ake kai waya gyara mutum ya kasa barci don tunanin hotunan da ke ciki, kai ka rataya labule tsakaninka da abin da babu mai hana ka gani.

Ranar da na koma karɓar filashina na tarar da wata matashiya a bayan labule, sunanta Wijdan, ita ma Bahaushiyar Khartum ce, ta kawo faifan rawar aurenta. Ta ce in shigo in zauna, ai duk mata ne. Muka matsu a kujera ɗaya. Faifan ya yi ta gardama, can sai hoto ya tashi, guɗa ta cika shagon, aka fara kiɗa, wata murya mai kauri ta ɗauki waƙa.

Ƙarar sukundireba da muke ji ta wajen labule ta ɗauke.

Wijdan ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ammu Ya'ƙub, wannan ai Khala Mahasin ce." Ammu baffa ke nan a bakinsu, Khala kuma inna.

Ya ce, "Na sani. Hoton ya tsaya ko yana rawa?"

Na tambaye ta a hankali wace ce Mahasin. Ta raɗa mini cewa matarsa ce. Ita ke yi wa amare lalle, ita kuma ke ba da waƙa a rawar amarya a unguwannin Hausawa na Khartum. A hanyar gudu ta rasu, kafin su tsallako iyaka, bayan masu bindiga sun ƙwace musu wayoyi da jakunkuna. Ko hotonta na fasfo bai tsira da shi ba.

Wijdan ta miƙe ta kama bakin labulen, ta ce, "Ammu, don Allah shigo ka gan ta. Faifaina ne, ni na yarda."

Ya ce, "Ke kaɗai ce a ciki?"

Ta waiwaya. A talabijin ɗin mata ne cike da tsakar gida, kai a buɗe, kafaɗa a buɗe, suna tafi.

Ya ce, "Ke kin yafe, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Su fa? Wasunsu suna kabari, wasu ba mu san ƙasar da suka faɗa ba. Wa zan tambaya? Ma'alish, yi haƙuri, saki labulen."

Na leƙa ta gefe. Yana zaune ya ba mu baya, hawaye na bin gemunsa, hannunsa na kan na'urar ya danne ta don kada ta girgiza kwafin ya lalace. Abin da ya faɗa bayan haka shi ne ya hana ni cin abinci ranar. Ya ce ba yau ya fara jin ta ba. Tun da ya buɗe shagon, faifan mata daga Khartum da wuya ya shigo babu muryarta a ciki, wani lokaci har dariyarta yake ji tana tsokanar amarya. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don kada mata su ji nauyinsa su daina kawowa.

Wallahi ni da nake zaune a aji ana karanta mana babin amana, na san da ni ce da tuni na yage labulen, na nemi gafara daga baya. Mutum yana jin matarsa a bayan ƙyalle, tazarar hannu ɗaya, ya san idonsa na tafiya, ya san in bai gan ta yanzu ba sai a lahira, kuma ya zauna yana tambaya ko hoto na rawa. Har haushinsa na ji. Na ce masa wannan tsanani ya yi yawa. Ya amsa mini da cewa Mahasin ce ta ɗinka masa labulen farko a Khartum, kuma saboda labulen ne matan suka yarda ta riƙa shigo da mai kyamara. Ya ce, "In na ɗaga shi don ita, ita zan fara ci wa amana."

Wijdan ba ta bar maganar a shago ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya bi gidajen matan Ard al-Liwa, duk wadda ta ji sai ta riƙe baki. Wata dattijuwa cikinsu, Hajja Fatimatuzzahra, wadda ba a musa mata, ta tara su a gidanta kowace da filashin da Usta ya yi mata. Ni ma na je. Muka yi ta dubawa ko za a sami inda Mahasin take ita kaɗai, babu. Mai kyamara amarya take bi, mai waƙa kullum a cikin taro take. Na ce a ɗauka a waya a yanke fuskar. Muka gwada, ya fito dishi-dishi, mu masu lafiyar ido ma da ƙyar muka gane ta.

A faifan Wijdan aka sami mafita. Akwai waƙa ɗaya da mai kyamara ta gaji ta kafe ta wuri guda. Mahasin na zaune can gefen dama da 'yar gangarta, ba ta tashi ba har waƙar ta ƙare. Hajja Fatimatuzzahra ta kalli wurin, ta kalle mu, ta ce, "Khalas, shi ke nan. Mu rufe kanmu, mu bar masa matarsa."

Washegari da la'asar muka cika lungun, har mai shayi ya ɗauka rasuwa aka yi. Hajja ta zo da tob, wato dogon lulluɓin matan Sudan, baƙi mai kauri. Aka ninka shi aka lulluɓe talabijin ɗin, aka ɗame da allurai, aka bar wata 'yar kafa a gefen dama da ba ta wuce tafin hannu ba. Sannan Hajja ta ɗage labulen da hannunta ta ce, "Ya'ƙub, taso."

Bai taso ba sai da ya sa ta kunna waƙar daga farko har ƙarshe ta tabbatar masa ko yatsan wata ba ya shigowa kafar. Taurin kai dai har a nan. Da ta rantse masa, sai ya juya kujerarsa, ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashi. Shagon da lungun suka yi tsit, sai muryar Mahasin.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan koren tob ɗin ne. Ranar da ta sayo shi na ce mata bai yi mata kyau ba." Ya share ido da bayan hannu. "Ashe ya yi mata."

Babu wadda ba ta yi kuka ba, har Hajja. Ya ce a maido waƙar. Aka maido.

Usta Ya'ƙub, mai labule, mun gode. Kai ne ka mayar wa matan da suka rasa gida da dangi fuskokin iyayensu da ƙawayensu, kana zaune ka ba taka matar baya. Mun gode da fayafayen da ka ceto daga baranda da tiren shayi, mun gode da na'urorin da ka tayar, amma godiyarmu ta fi yawa a kan abin da ka ƙi kallo. Allah ya sassauta maka ciwon idon nan, ya jiƙan Mahasin, ya haɗa ku inda babu abin da zai shiga tsakani.

Wanda zai gaji shagon, wani mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da shi, sharaɗi ɗaya Usta ya gindaya masa, cewa labule zai zauna inda yake. Ku masu gyaran waya da kwamfuta, daga Faisal har Sabon Garin Zariya, da duk wanda ake miƙa wa abin mutane a rufe, ku zo Ard al-Liwa kafin wata ya ƙare ku ga yadda ake yi. Za ku same shi da hantsi ya gama goge fayafayai. Talabijin ɗin na nan da baƙin tob a kanta, matan sun ce kada a cire, shi kuma yana zaune a gabanta ya kafa ido a 'yar kafar, tun yana iya gani.