Kawu Mutawakilu da Jirgin da Ya Bari a Buɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina cikin bas a titin Oxford Road na Manchester, 'yarka Alima ta kira ni daga Birmingham ta ce ka cika.

Kawu, duk wanda ya shiga falonka a unguwar Sparkhill ta Birmingham ya san jirgin ruwan katakon nan da ka sassaƙa. Ina yaro na ɗauka abin wasa ne, kunnena ya sha murɗa a kansa. Sai da na girma ka gaya mini cewa irinsa ne ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Takoradi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauki mahaifinka Sha'aban aikin wanki, kana goye.

Ka ce asalinsa jirgin dakon kaya ne, aka shimfiɗa masa fili a ka domin jiragen sama su tashi su sauka, yana rakiyar ayarin jiragen abinci. Ba shi da sauri, ƙarfensa ba kauri, cikinsa kuma man fetur ne da bama-bamai. Harbi ɗaya daga ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi. Ɗakin wanki yana can ƙasa, kuma ba wanda ya fito daga wajen.

Ka gama saman jirginka tsaf, amma ka bar gefe ɗaya a buɗe. Na taɓa tsokanarka ko katako ne ya ƙare. Ba ka yi dariya ba.

"Waris," ka ce, "in na rufe, ta ina zai fito?"

Sai yanzu na gane abin da ya sa ba ka rasa jana'iza, ko ta baƙon da ba ka sani ba, ko ana tsuga ruwa. Kai ke wankan gawa, kai ne na ƙarshen barin kabari. Rashin kabarin mahaifinka ya ci ka har tsufa, shi ya sa ka roƙi a rubuta sunansa ƙarƙashin naka a allon kabarinka. Mun rubuta, Kawu. Jirgin yana wurina a Manchester, na kasa kallonsa, na kuma kasa rufe shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Sadiatu da Alima da jama'armu baki ɗaya. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Ya jiƙan na cikin teku, Ya nuna maka fuskar da ba ka taɓa sani ba.