Mai Kunne Ya Naɗe Igiyoyinsa

Kafin masu shagunan sama su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya iso. Wurinsa a ƙarƙashin matakalar bene yake, a kasuwar waya, kuma in ka kira shi shago ka yi masa kara. Tebur ne, da benci, da allon katako mai ƙusoshi inda igiyoyin hedifon ke reto. Yakan fara da goge soson kowane hedifon da tsumma, ya jona ƙarfen dalma ya bar shi ya yi zafi, sannan ya zauna. Ban taɓa jin an kira sunansa na yanka ba. Mai Kunne ake ce masa, har jikokinsa.

Mutum ne mai wuyar sha'ani a ciniki. Ko mafi tsada ka nuna, ba zai miƙo ba sai ya tambaya, "Me za ka ji da shi?" Telar da ke saman benen ta ce ita marar igiya ya zaɓa mata, don kada keke ya riƙa cafke igiyar. Wani mai babur kuwa ya zo neman irin mai toshe hayaniya gaba ɗaya, ya hana shi. "Kunne ɗaya naka ne, ɗaya na titi," in ji shi. Mai babur ya tafi yana ƙunƙuni, kuma har yau can yake sayayya.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi wa dariya. Duk abin da zai gwada, sai ya kara ɓangaren dama a kunnensa na dama, ya juya, ya kara na hagu a wannan kunnen dai. Mun ɗauka iyayi ne irin na masu sana'a.

Ni abin da ya kai ni bencinsa muryar mahaifiyarmu ce, Allah ya jiƙanta. Wata rana tana yi wa Baba faɗa kan takalmin da ya bari a bakin ƙofa, ashe ya danna wani madanni a tsohuwar wayarsa, wayar ta naɗi faɗan har inda dariya ta ƙwace mata. Bayan rasuwarta wannan ne abin jinsa kullum da safe. Sai lasifikar wayar ta mutu, iyafis ɗinta na sawa a kunne ya tsinke. A tsakanin nan likita ya gaya mana jin Baba yana raguwa, kuma ba zai dawo ba. Abin da zai ji, yanzu ne zai ji shi.

Yayana, wanda ba a barinsa a baya wajen kayan zamani, ya kwashe muryar ya zuba a sabuwar waya, ya sayo hedifon na bulutut mai kauri kamar matashi. Baba ya saka, ya saurara, ya cire.

"Wannan ba ita ba ce," ya ce. "Wannan mura take yi."

Ga shi bai iya haɗa shi da wayar ba sai an haɗa masa, caji kuma yakan ƙare babu sallama. Na gwada nawa mai igiya a tsohuwar wayar. Ya shiga ramin daram, amma muryar ta koma can nesa kamar daga cikin rijiya. Baba ya mayar da wayar aljihu, daga nan magana ta yi masa wuya a gida. Abin ya tsorata ni.

Da na kai masa wayar, Mai Kunne bai taɓa ta ba. "'Yata, kunnen wa za a yi wa aiki, naki ko nasa? Je ki zo da shi."

Washegari Baba ya zauna a bencin. Mai Kunne ya ɗaga kan igiyata ya nuna mana zobba uku, ya ɗauko wani mai zobba biyu ya jera su. "Ba duk abin da ya shiga rami ne ya dace ba, Baba. Wannan tsohuwar wayar, tsarin cikinta daban ne. In aka saɓa, murya ce ke fara ɓata." Ya yanke kan, ya ɗaura wanda ya dace, ya liƙe da dalma.

Sai ya jero hedifon uku a tebur. Game da na yayana ya ce kaya ne mai kyau, don kiɗa aka yi shi, bugunsa ne ke danne siririyar murya, kuma kunnen tsufa siririn sauti yake fara saki. Na biyu mai shiga can cikin kunne ne, Baba ya ce yana jin numfashinsa fiye da komai. Na uku wani marar nauyi ne, sosonsa ya koɗe, ba shi da ko kwali. Mai Kunne ya gwada shi da salon nan nasa, ya ɗora wa Baba, ya ce ya danna da kansa. Shi kuma bai kalli wayar ba, fuskar tsohon yake kallo.

Can Baba ya sunkuya, ya jawo takalminsa da ya tuɓe a kan hanya, ya tura shi ƙarƙashin benci.

Mai Kunne ya fara naɗe sauran biyun.

An kwana biyu da yin wannan. A watan nan da muke ciki Mai Kunne zai bar tebur. Sai yanzu ya faɗa cewa kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi, na daman kuma ya fara bin sawu. "Ba zan sayar wa mutum abin da ban ji ba," ya ce da telar sama. Abin da muke kira iyayi, ashe hanyar da zai tabbatar kowane ɓangare yana aiki ce.

Kai ne, Mai Kunne, ka ƙi yarda cewa tsada ita ce daɗin ji. Kai ne ka zauna inda ƙurar takalman masu hawa ke zubo maka, kana tambayar mutane abin da ba kowa ke tambaya ba. Kunne ɗaya, ya ishi kasuwa. Ban san ko an taɓa yi maka godiya yadda ta kamata ba, to ga tamu, ni da yayana. Masu shagunan sama, da duk mai sayar da wani abu ga ɗan Adam, ku ara: ku tambayi mutum me zai yi da kaya kafin ku tambayi aljihunsa.

Da Baba ya ji labarin barin aikin, ya ce a kai shi. Jinsa yanzu saura ƙiris, duk da haka hedifon ɗin yana rataye a wuyansa. Suka zauna a benci suna ɗaga wa juna murya, masu wucewa na zaton rigima ce.

"Har yanzu kana jin ta, Baba?" Mai Kunne ya tambaya, sai da ya maimaita.

"A'a," Baba ya ce. "Amma ka ba ni lokaci. Na haddace ta."