Wayoyi Biyu da Geron Kakanmu

Ni da yayana tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. In ya ce fari sai na ce baƙi, ko da nono ne a ƙwarya. Da muka girma, shi ya tafi Kano yana aikin lantarki, ni na zama malamar firamare a Gaya, amma gardamar ba ta mutu ba. A shekarar da nake ba da labarinta, a kan waya muke yi.

Kowannenmu ya sayi irin wayar nan da ake yi wa magana ta amsa. Tasa daban, tawa daban, kuma kowa na rantsuwa tasa ta fi. Wata Asabar muka haɗu a gida, a Toranke, muka kai ƙara gaban Baba, yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida. A lokacin idonsa ya riga ya tafi, sai dai ya bambance rana da inuwa. Kunnensa kuwa, ko kaza ce ta taka kara sai ya tambayi ta wace ce.

"To ku kawo aljanun naku in ji," in ji shi.

Wayoyin ba sa jin Hausa yadda za a dogara da su, don haka sai Baba ya yi tambaya, mu juya ta Turanci, su amsa, mu mayar masa. Ya fara da lokacin azahar. Duka biyu suka faɗa, ya ce a jira ladan. Da ladan ya kira, ba wadda ta kauce sosai, aka tashi canjaras. Bayan salla ya ce a tambaye su wata nawa jaka take yi da ciki. Ta Yaya ta jero rubutu a fuskarta, wai a karanta. Baba ya ce, "Makaho za ta ba karatu?" Tawa kuwa ta buɗe baki ta ce kimanin shekara guda, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye ta ba. Baba ya gyaɗa kai. Wayyo, ranar har rangaji na yi a gaban Yaya!

Haka muka wuni. Ta Yaya ta fi saurin kiran mutum in an ambaci sunansa, kuma ba ta kuskure wajen saita ƙararrawa. Amma da an fita daga nan sai ta ce ba ta gane ba, ko ba ta samu ba. Tawa ba ta taɓa rasa ta cewa. Baba ya raɗa musu suna: ta Yaya Mai Kunya, tawa Uwar Magana. Yaya ya ce, "Waya ai halin mai ita take ɗauka, Malama." Na ce gara mai magana da kurman da sai an yi masa nuni.

Da a nan abin ya tsaya, da yau dariya kawai zan riƙa yi in na tuna.

Akwai wani gero a gidanmu da muke kira na Kaka. Kakan Baba ne ya taho da irinsa daga gabas, daga ƙasar Barno, lokacin da suka zo suka zauna a nan. Zangarniyarsa gajera ce mai gashi, tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kai, kuma furarsa tana da wani ƙamshi da ban iya kwatanta shi. Maƙwabta duk sun koma sabon iri mai saurin nuna. Baba kaɗai ya rage yana ware masa kusurwa a gonar bayan gari. A daminar da ta gabata ruwa ya kwanta a kusurwar, abin da aka samu kaɗan ne, gara kuma ta shiga rumbu ta yi nata rabon. Zangarniya bakwai suka tsira, Baba ya sa aka rataye su a zaure, sama da inda yake kwanciya da rana.

Yana da ƙa'idarsa a kan wannan iri. Ba ya shuka shi a ruwan farko. Sai ya tona ƙasa da hannu ya ji laima ta wuce wuyan hannunsa, sannan ya tsaya ya daɗe yana duban gabas. Kuma ko ya shuka, rabi yake zubawa, ya ajiye rabi, saboda ko damina ta yi gardama. Tun ina yarinya haka nake gani, ban taɓa tambayar dalili ba, don kowa ya san dalilin.

Makonni kaɗan bayan gasar wayoyin aka yi ruwan farko, ranar wata Juma'a. Washegari muka sake haɗuwa a gida don shuka. Muka kai Baba gona, ya durƙusa ya tona. Laimar ta zo daidai wuyan hannu, ba ta wuce ba. Ya ɗaga fuska gabas kamar yadda ya saba, ya daɗe a haka, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ba abin da yake gani. Wallahi har yau in na tuna tsayuwar nan sai zuciyata ta karye.

Da muka dawo gindin darbejiya ya ce, "Ku tambayar mini aljanun nan, akwai ruwa a bayan wannan?"

Yaya ya tambayi tasa. Ta ce ba ta samu garin ba. Ya sake, ta sake. Na yi dariya har da tafi. Tawa kuma sabis ya ɗauke mata, sai na hau tudun bayan gida inda yake kamawa, ni kaɗai. Na ce mata Toranke. Ta amsa da muryarta mai daɗi cewa a Gaya ana sa ran ruwa kwanaki huɗu masu zuwa. Na maimaita Toranke, ta maimaita Gaya.

Na san bambancin. Ni 'yar manomi ce, na sha ganin ruwa ya jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa, balle tsakanin gari da gari. Amma ina saukowa daga tudun, fuskar Yaya kawai nake hangowa, da abin da zai ce in na dawo hannu biyu. Na ce a raina, Gaya da Ajingi, inda Toranke take, ai duk ɗaya ne, hadari ba ya sanin iyakar ƙaramar hukuma.

"Me ta ce, uwata?" Haka Baba yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ta ce ruwa kwana huɗu a jere, Baba."

"A nan?"

"A nan."

Sai ya ce a sauko da zangarniyoyin. Da aka sussuke su, ƙwayar ko ƙaramin ƙoƙo ba ta cika ba. Ya zuba ta a tafin hannunsa yana juyawa da yatsa. Yaya ya ce a raba biyu kamar kullum. Baba ya ce in an raba wannan, me za a shuka, me za a ajiye? Sai ni, mai bakin da ba ya gajiya, na ce, "Haba Baba, ruwan kwana huɗu fa. Me za a jira?" Ya ce, "To bismillah."

Yaya na gaba yana sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige, Baba na riƙe da gefen mayafina yana tafe yana addu'a. Kafin la'asar mun gama. Ban bar ko ƙwaya ɗaya a ƙoƙon ba.

Ranar Litinin ina cikin aji a Gaya hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa har yara ba sa jin muryata. Talata ma haka. Na kira Yaya ina yi masa tsiya, na ce ya gaishe da Mai Kunya. Sai ranar Alhamis na samu layin gida. Innarmu ta ce, "Wane ruwa? Mu dai muna hango hadari yana wucewa ta wajenku."

Kusan mako uku Toranke ba ta ga ɗigo ba. Geron ya tsiro, ya yi ganye biyu, ya tsaya yana jira, rana ta ƙone shi. Sauran gonar an sake shuka ta da irin kasuwa da ruwa ya dawo. Kusurwar Kaka kuwa ba abin da za a sake zubawa.

Na yi yawon neman irin. Na je Gafasa wajen wasu dangin Baba, na je Kademi inda aka ce wani tsoho yana da shi. Tsohon ya ce rabonsa da shi tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari. Kowa ya san geron, kowa ya yaba furarsa, ba wanda ya ajiye.

Da na koma gida Baba ya ce in raka shi gona. Muka je da hantsi. Ya tsuguna a kusurwar yana shafa ƙasa, yana tsintar busassun tsiron ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a hannu, ban san me zai yi da su ba. Bai zarge ni ba, bai zargi waya ba, Allah kawai yake ambata. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na kasa riƙewa.

"Baba, ba Toranke ta ce ba. Gaya ta ce. Ni na ce maka nan."

Hannunsa ya tsaya.

"A Gayan an yi ruwan?"

"An yi, Baba. Kwana huɗu."

"To ai ba ta yi ƙarya ba," in ji shi.

Ya zubar da abin da ke hannunsa, ya karkaɗe tafinsa a jikin riga, ya miƙo mini hannu. "Kama ni, uwata, rana ta yi."

Na kama shi muka taho. Bai sake tayar da maganar ba, ko ga Yaya bai faɗa ba, har Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu. Ina kewarsa ƙwarai. Ina kewar ya kira ni ya tambaye ni wani abu, kowane abu, in tsaya in faɗa masa daidai yadda na ji shi.