Kunyar Ɗan Fari

Tun ina ƙarama ake ce mini mai baki. Inna takan ce muryata ke riga ƙafata shiga gida. Amma ranar da ya kamata bakin nan ya yi aiki sai ya yi gum, kuma saura ƙiris shirun ya raba ni da ɗana.

Haihuwar fari ce, don haka gidanmu na Dauran na koma wanka. Kowa ya san ƙa'ida: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban manya, ba a nuna an damu da shi. In ya yi kuka ki kau da kai, sai an ce, "Ke, ba shi nono mana," sannan ki karɓa kina ɓata rai. Ni kuwa na ci alwashin sai na fi kowa iya kunyar nan, ko a daina ce mini fitsararriya.

Kwana huɗu da haihuwa yaro ya fara ƙin nono. Ya kama, ya ja sau biyu, ya saki. Ni kaɗai na sani, tunda a jikina abin yake. Na taɓa wuyansa na ji zafi rau. Inna kuwa sai yabo take, "Wanga yaro akwai haƙuri, ko kuka bai yi." Wallahi sau nawa maganar ke zo mini maƙogwaro in haɗiye, wai kar a ce na zaƙe. Kwana biyu cur ina wannan wauta.

Ran na shida da hantsi Inna ta ɗauke shi za ta yi masa wanka, sai ga jiki ya saki kamar tsumma, numfashi sama-sama. Ta rafka salati. Muka nufi asibitin Zurmi, aka yi masa allura aka ce mu wuce Kaura Namoda, kar mu tsaya ko shan ruwa.

Can muka faɗa hannun wata malamar asibiti, gajeruwa, mai faɗan tsiya. Ba ta jira gaisuwa ba ta karɓe shi, ta sa masa robar iska a hanci, ta duƙa tana neman jijiya a ɗan hannun nan har ta samu. Da ta ɗago ta ce, "Wace ce uwar?" Na sunkuyar da kai, na bar Inna ta nuna ni.

"Au, kunya kike? Nan ba ɗakin surukai ba ne. Zo ki tatsi nono a kofin nan, ki zauna ki zuba masa ido. Ya canza ko yaya, ki ƙwala mini kira."

Haushinta ya kama ni, amma na zauna. A gadon nan ranar suna ta same mu, aka raɗa masa suna a gida ba mu nan. Kwana tara ana ɗura masa nonona ta 'yar roba, ran na goma ya kama da bakinsa, ya ja har na ji zafi. Ban taɓa jin zafi mai daɗin wannan ba.

Ranar sallama malamar ta zaunar da mu, ni da Inna, da takarda a hannunta. Ta ce duk jaririn da ya tsallake rijiya da baya sai sun bi sawunsa tun daga gida: ina aka yi jinkiri, su kansu me suka yi daidai, me suka yi sake. Har ta tambaya ko an bar mu tsaye a ƙofa da muka iso.

Na ce, "Malama, yaro ya warke, tone-tonen na mene ne kuma?"

Ta ce, "Uwar da ta rasa nata, kuka ba ya barin ta ba mu labari. Ke da kika samu naki, ke za ki nuna mana abin da za mu gyara wa na gobe. Yaushe aka fara ganin ba shi da lafiya?"

Inna ta yi caraf, "Da sahen da munka gani munka taho."

Malamar ba ta rubuta ba. Ni ta kalla. "Ke fa?"

Da na yi shiru da an wuce wurin, ba mai sani har abada. Amma matar nan ta sha wahala kan ɗana, ban iya yi mata ƙarya ba. Na faɗi komai, da nonon da ya ƙi, da zafin, da kwana biyun.

Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta rubuta, ta ce daga yau za ta riƙa jan mai haihuwar fari gefe ita kaɗai ta tambaye ta. Inna ce ta sa gefen mayafi tana share ido. "Ni na koya mata," in ji ta. Allah ya saka wa malamar nan da alheri, ya jiƙan iyayenta; har gobe ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

A mota muna komawa, yaro ya motsa a cinyata. Ban san sanda na kira sunansa ba, da ƙarfi, ga Inna a gefena. Na daskare. Ta ɗan jima tana kallon gonakin gero ta taga, sannan ta miƙo hannu ta gyara masa hula.

"Ƙara kira," ta ce. "Bai jiya ba."