Shekarar da Nahum Ya Yi a Kanada Yana Zaune a Ceras

Ku matso ku ji labarin Nahum, maƙwabcinmu na benen Ceras, shekarar da na je wa 'yata Halimatu wankan jego cutar nan ta korona ta rufe ni a Maleshiya. Ƙofarsa na kallon tamu. Shi ne mutumin da ya shekara a Kanada ƙafarsa ba ta taka jirgi ba.

Ɗan Kagoro ne, Kirista, dogo siriri kamar muciya, ga ladabi. Karatu ya kai shi, da ya gama sai ya maƙale a wani otal a Bukit Bintan, yana tsaye bayan kanta yana yi wa Larabawa murmushi yana miƙa musu makulli. Shekara tara yana wannan. Amma zuciyarsa tana Kanada. Ka ce masa ina kwana, sai ya gaya maka irin sanyin da aka tashi da shi a can.

Ana nan sai wasiƙa ta zo, wai an amince masa ya shiga Kanada, saura hatimin biza. Mai hankali ai shiru zai yi sai ya ga abu a hannu. Nahum ina! 'Yan cocinsu suka yi masa liyafar ban kwana, aka ci shinkafa, aka ɗora masa hannu a ka. Ya rabar da kayansa kaf, tukwane, tabarma, har fankarsa ya ba wani abokinsa. Ya je ya sayo wata kwat, jama'a, kamar an ɗinke katifa an yi mata hannu, bakin hularta duk gashi. A gida kuwa uwarsa, Mama Hannatu, ta ja akuya har gaban coci tana rawa, wai godiya ga Ubangiji ɗanta ya zama ɗan Kanada. Daga ranar 'yan zumuntar mata suka laƙa mata Maman Kanada.

Sati bai zagayo ba Kanada ta ja ƙofarta ta sa sakata. Maleshiya ma ta ce kowa ya shige ɗaki. Ga Nahum, ga kwat, ga ɗaki fayau.

Ran Lahadi uwar ta kira, irin kiran nan da ake ganin fuska. Ita da sassafe take kira kafin ta tafi coci, mu kuwa a lokacin rana ta take tsaka, ko ƙadangare ya nemi inuwa.

"Nahum, ka sauka lafiya?"

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai akuyar nan ta faɗo masa a rai. Ya ce, "Lafiya lau, Mama."

"To ina rigar sanyin? Haka kake zaune da singileti a ƙasar ƙanƙara? Tashi ka sa!"

Ya tashi ya sa. Shi ke nan fa, ya shiga.

Otal an rufe, ba aiki, sai ya mai da Kanada aikinsa. Daga Litinin zuwa Asabar yana manne da waya yana bin labarinsu, abin da suka ci, abin da suka yi faɗa a kai, wanda ya yi tari. Ran Lahadi ya ja labule, ya jingina da farin bango, ya zura kwat, ya karanto wa uwarsa. Na rantse ko sarkin Kanada, in suna da shi, bai san ƙasar nan kamar Nahum ba.

Wata rana ya ƙwanƙwasa mana. "Iya Ɗelu, a ara mini tukunya da ludayi."

"Yau girki za a yi, ɗan nan?"

"A'a, Iya. A Kanada da yamma kowa fitowa yake taga yana buga tukunya, suna gode wa ma'aikatan asibiti."

"To kai wa za ka gode wa?"

"Mama ce za ta gani."

Ya lotsa mini tukunya. Bayan nan kuma sai aron ƙanƙara, kowace Lahadi, ya naɗe a tawul ya cusa cikin kwat. Na ce, "Nahum, ka ji tsoron Allah ka gaya wa tsohuwar nan gaskiya." Ya ce, "Iya, akuya fa aka kai." Na ce, "Akuyar da ta daɗe da zama romo?" Ya ce ba zan gane ba, wai in maganar ta fito uwarsa ba ta ƙara ɗaga kai a Kagoro.

Da watan bakwai ya kama ya zo yana washe baki, wai ya huta, Kanada ma yanzu zafi suke. Ranar ɗaya ga wata ce sallar ƙasarsu, bana kuma ba taro, kowa a ɗakinsa ya yi. Ya zana jan ganyen tutarsu a kwali ya manna a bango, ya zauna da 'yar shat ɗinsa. Uwar na ɗagawa ta ce, "Ina rigar?"

"Mama, bazara ce yanzu."

"Bazarar Bature? Kai, kar ka kashe mini kanka. Sa!"

Ya sa. Ina jin su daga ƙofarmu, na cusa bakin zane a baki don kar dariyata ta isa Kagoro.

Haka aka yi ta tafiya. Watan goma suka yi bikin godiya da talo-talo, shi ya sayo ƙunshin kaza daga shagon abinci na ƙasan bene, ya ce talo-talon bana ƙanana ne saboda korona. Watan sha ɗaya ya maƙala jan fure a ƙirji, wai tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi, har da yin shiru na minti biyu. Sojojin da ko sunan ɗaya bai sani ba.

Sai watan Kirsimeti. Ya ba uwar labari allurar rigakafi ta iso Kanada, an fara da tsofaffi, ƙanƙara kuma ta kai gwiwa. Ta ce to ya ƙara mayafi a wuya, ya sa safar hannu, ya ja hular nan mai gashi. Ranar kuwa firjinmu ya lalace, ba ƙanƙara. Ina shanya kayan jariri na ji tim! Dama ƙofarsa a buɗe yake barinta don iska. Na shiga na tarar da ɗan Kanada a ƙasa sharkaf, ido ya juye. Na zuge kwat, na sheƙa masa ruwan buta. Waya na gefe tana ta "Nahum! Nahum!" Na ɗauka.

Muka kalli juna, tsohuwa da tsohuwa.

Ta ce, "Baiwar Allah, yana numfashi?"

"Yana yi, Maman Nahum."

"Ke ce mai tukunya?"

Na juya na kalli Nahum. Shi kuwa ya farfaɗo yana yi mini alama da hannu, yana roƙo.

Ta ce, "Ba shi wayar. Kai, Nahum! Ni na haife ka. Tun Lahadin farko na ga ƙurajen zafi a wuyanka. Wace ƙanƙara ce ke fito wa mutum da ƙurajen zafi? Na ce bari in ga iya inda ƙaryarka za ta kai ka cikin bargon nan."

"Mama, wata tara kina sani?"

"Wata tara na ɗauke ka, wata tara ka ɗauki riga. Mun yi daidai."

Ya fara kuka, wai zai kira fasto ya faɗi gaskiya a gaban kowa. Ta daka masa tsawa. "Ka kira wa? Duk Alhamis mata cika suke su ji labarin Kanada a bakina, har matar fasto kujera take ba ni a gaba. Cire rigar, amma labari kar ka fasa. Yanzu allurar nan, tsofaffin nawa aka yi wa?"

Yana zaune cikin ruwa ya gaya mata.

Haka suka ci gaba, shi da singileti, ita da zumuntarta, har tsakiyar shekara ta gaba da Kanada ta zare sakata, hatimi ya fito. Ya tafi da kwat ɗinsa a hannu. Kun san me ya tarar? Satin da ya sauka wani zafi ya faɗo wa yammacin ƙasar, irin wanda tsofaffinsu ba su taɓa gani ba. Ya kira uwarsa yana fifita da kwali, zufa na ɗiga, yana rantsuwa wallahi wannan karon Kanada ce.

Ta ce, "Miƙa wa mai tukunya mu gaisa."