Reshen Fure a Gidan Sarjan Illo

Akwai wani sirri a Magarya, amma ku dakata, sai kun ga mai shi tukuna. Sarjan Illo ke nan, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indoshin, wata ƙasa can gabas mai nisa, dogo kamar giginya, ramamme har iska na tausaya masa. Maƙwabciyarsa Tamu, uwar gulma, tana leƙensa ta zana. Ya kafa reshen itacen kariya mai jan fure cikin tulu, wai a can da fure ake tarbar sabuwar shekara. Yana zuba shayi kofi biyu, yana lallashin wata da yaren can, alhali kuwa shi kaɗai ne a gidan. Matar da ya baro a can ce yake kira, ko? Ya kasa kunne, yana sauraro. Sai ya waiwayo.

"Tamu, don Allah, ke kin ji ta amsa? Ni bana ban ji ta ba."