Katifar Ɗan Fari

Shekarar da na ci bak, jarabawar gama sakandare, wallahi ko sauro ya cije ni sai na ce mashi mersi, na gode. Bakansi, wato babban hutu, gaba ɗaya ina yawo cikin Madarunfa kamar ni na haƙa tabkin garin. Salula a hannu, yatsa na gudu, duk wanda ya yi kuskuren ce mani "ina gajiya" sai ya ji labarin jarabawa tun daga farko. Cikin wagga murna ce Yaya ya kawo ma Inna katifa.

Yaya shi ne babbanmu, Gran nake ce mashi, ni ce auta. Direba ne, yana jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, wani lokaci har ya ƙetara iyaka. Ya ji a bakina cewa bayan Inna na damunta. Tun rasuwar Baba take suyar kifi a bakin kasuwa, kullum duƙe kan kasko, ga wuya a lanƙwashe. Da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga tsohuwar katifarta, wadda ta lotse ta koma kamar waina.

Ranar da ya zo da sabuwar, unguwa ta gani. Ɗaure take bisa mota, kaurinta ya kai gwiwata, ga furanni shuɗi. Na faɗa kanta, na nutse, na yi ihu.

"Gran, wannan ai ƙarshe ce! Wannan ko a otel!"

"Tashi, sarkin surutu," in ji shi. "Ba taki ba ce. Ce ma mutanen ɗaki a gwada."

Mutanen ɗaki Inna ke nan. Tana tsaye nan kusa da shi, amma haka suke magana. Shi ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunanshi ba. Ba ta kallon idonshi. Tun da anka yaye shi Kaka, uwar Baba, ta ɗauke shi zuwa Safo, can ya girma. In Inna za ta ambace shi sai ta ce "mai mota". In suna da magana, ni ce rezo, layin waya, tsakaninsu.

Inna ta taɓa gefen katifar da yatsa biyu, ta dubi ƙasa.

"Ce mashi an gode. Allah ya yi albarka."

Maƙwabta sunka shigo ɗaya bayan ɗaya suna dannawa da hannu suna "tubarkalla, haihuwa ta yi rana". Na ɗauki hoto na watsa ma gurup ɗin ƴan ajinmu. Kowa ya yarda: katifa in ta yi kauri ta yi laushi, ita ce ta manya.

Ɗaki guda muke kwana da Inna, shi ya sa ni na fara gani. Da, bango take dafawa. Yanzu sai ta mirgina zuwa baki, ta sauko da gwiwa, ta tsaya a haka tana numfashi kafin ta kama ƙofa. Wuyanta ya ƙage, in na kira ta daga gefe sai ta juyo da jikinta duka. Sai wata safiya na ga ta jawo kujera kan abin salla. Inna, wadda ko zazzaɓi bai hana ta tsayuwa, ta yi asuba a zaune. Da ta sallame ta daɗe tana kallon wurin da goshinta ya saba sauka.

"Inna, katifar nan ce ko?"

"Rufe mani baki. Tsufa ne."

Na matsa mata har munka tafi likita. Majo, babbar ma'aikaciyar jinya, wata mata mai fara'a, ta danna bayan nan da can, ta tambayi ko ƙafa na mutuwa, ko an faɗi. Babu. Sai ta ce, "Hajiya, bisa mi kike kwana?"

"Katifa mai kyau," in ji Inna da sauri. "Sabuwa."

Ni kuwa yatsa ya riga hankali. Na miƙa ma majo hotona ina nutse cikin furanni, kaina kawai ake gani da tafin ƙafa. Ta yi dariya har da riƙe tebur.

"Ƴata, ke da ba ki da nauyi kin nutse haka, ina ga mamanki? Ƙugu ya faɗa rami, baya ya kwana a lanƙwashe. Ba na ce ita kaɗai ce ciwon ba, duƙon kasko ma na nan. Amma a nemo wadda ke riƙe jiki. Kada ta zama katako, kada kuma ta haɗiye mutum. Matashin kai ma a rage mashi tsawo."

Muna fita Inna ta kama hannuna ta matse.

"In mai mota ya ji wagga magana, ba ni ba ke."

"Haba Inna, ai shi ma lafiyarki yake so."

"Yaro ya ɗauko abu bisa mota, gari ya gani, ya ji daɗi a ranshi. Ni ce zan aika mashi cewa abinshi ya karya ni? Da wane bakin?"

Bon, shi ke nan. Na ce to bari in yi abin da na iya. Na zauna ƙarƙashin itacen bedi inda rezo ke kamawa, na shiga bincike. Kai, duniyar katifa faɗi gare ta! Akwai ta soso mai nauyi, akwai ta soso marar nauyi wadda ke yaudarar ido da kauri, akwai mai wayoyin ƙarfe a ciki, akwai wadda suke ce ma ortopedik. Wani bidiyo ya ce a kwanta a gefe a sa matashi tsakanin gwiwa. Na zama dokta a yini guda. Na juya katifar, ɗayan gefen ma haka yake. Na aro tsohon ƙyaure na sa a ƙarƙashi, a banza, laushin a sama yake. Inna ta koma tabarma a ɓoye, da safe ta naɗe ta tura bayan akwati kada wani ya shigo ya gani. Tabarma kuma ta cinye mata ƙugu da kafaɗa. Kifi ma ta fara aika ƴar maƙwabta ta soya mata.

Duk ranar kasuwa Yaya zai biyo, ya tsaya a ƙofar ɗaki.

"Auta, ya jikin mutanen ɗaki? Katifa na aiki?"

Inna daga ciki: "Ce mashi alhamdu lillahi."

Ni kuma in ce, "Ta ce alhamdu lillahi," ina jin kamar in fashe. Sau nawa na danna bokal, saƙon murya, zan aika mashi, in fara "Gran, ka san mi?" sai in goge.

Ana haka dabara ta faɗo mani. Inna ta ce kada mai mota ya ji. Ba ta ce kada Kaka ta ji ba. Na hau babur ɗin kabu-kabu sai Safo.

Gidan su Kaka har yau bisa al'adar kakanni suke, ba su salla, kafin shuka sai an yi yanka a gindin tsamiyar gida. Na tarar da ita tana ɓarar wake. Ƴar tsohuwa ce siririya, baki kamar reza. Yaya kuwa "mijina" take ce mashi, irin wasan kaka da jika, kuma babu abin da ba ta iya gaya mashi.

Na zayyane mata komi. Ta ajiye ƙwarya.

"Yanzu uwar taki goshinta bai taɓa ƙasa?"

"A kujera take yi, Kaka."

"Ni ban san daɗin abin ba, amma na san yadda take son shi. Tun tana amarya ko daka take sai ta aje taɓarya ta tahi. Kuma ta yi shiru don kunyar wancan mai ƙaton kai?" Ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Nemo mani amalanke. Babur ɗinku ba ya ganin ƙashina."

Ta iso ranar kasuwa da hantsi bisa amalanken jaki, ta zauna tsakar gida tana shan fura kamar ba komi. Inna na ta hidima da ita, tana satar kallona. Yaya na yin sallama Kaka ta ɗaga murya.

"A'a, ga angon! Labari ya iske ni har Safo. An sayo katihwa mai hure, ni da na goye ka har bayana ya goce ina bisa gadon kara. Ina take? Yau sai na ɗana."

"Tsohuwa, ke da kin kusa tafiya, mi za ki yi da katifa?" in ji Yaya yana dariya.

"Sai na binne ka tukuna. Kauce."

Ta shige ɗaki, ta haye, ta miƙe. Katifa ta karɓe ta. Ta yunƙura ta tashi, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ƙafafu na sama suna harbin iska.

"Wayyo! Ku kawo guga! Ya jehwa ni rijiya!"

Ni na riga na zube a ƙasa don dariya. Yaya ya shiga ya ciro ta da hannu guda. Ba ta saki rigarshi ba.

"Kai, tsaya. Ni da ban kai nauyin kaza ba sai da anka ciro ni. Wa ke ciro uwarka kullum da sahe?"

Dariyar ta ɗauke. Kaka ta nuna mashi kujerar da ke kan abin salla, ta sa ƙafa ta jawo tabarmar daga bayan akwati ta warware a gabanshi.

Yaya ya daɗe yana kallon kujerar. Inna na bakin murhu ta ba mu baya, tana ta hura wutar da ke ci da kanta. Tausayinsu su duka ya kama ni, don shi ma fuskarshi ta koma ta yaron da anka kama da laifin da bai san ya yi ba.

"Auta," ya ce a hankali, "tun yaushe?"

"Ba ni na faɗa ba, Gran. Inna, kin gani ai, ba ni na faɗa mashi ba."

"Kun je likita? Wace iri anka ce a nemo?"

Nan fa dokta ta samu fili. Na buɗe salula na fara: soso mai nauyi, mai riƙe ƙugu, a gwada kafin a ɗauka, a kwanta a kai a ji ko baya ya miƙe. Sai na tsaya. Inna ta kwanta a kanti, gaban maza, cikin Maraɗi? Ko a mafarki. Ni in na gwada mata kuma ba amfani, jikinmu ba ɗaya ba.

"To kanti ya zo gida mana," in ji Kaka. "Motar taka ta ado ce?"

Haka anka yi. Wani abokinshi mai sayar da katifu ya yarda, Yaya ya dawo da guda uku bisa mota, ko wace cikin ledarta. Ba mai furanni, ba mai kaurin burgewa. Ya jera su a ɗaki ya fita can ƙofar gida ya zauna cikin mota, don ya san muddin yana tsakar gida Inna ba za ta kwanta ba.

Na sakaya ƙofa. Ta farko, Inna ta ce kamar dandamalin siminti. Ta biyu ta ɗan lotsa a ƙugu. Ta ukun, ta kwanta a gefe, na sa mata ƙaramin matashi a wuya, wani tsakanin gwiwa. Na zura hannu ƙarƙashin bayanta kamar yadda na gani a bidiyo, ba rami. Ta saki wani dogon numfashi, ta dafa, ta tashi zaune da kanta.

"Wagga," ta ce.

Na ruga waje ina tsalle. "Gran! Ta ukun! Mai ruwan toka!"

Ya shigo ya tsaya nesa da ƙofa, yana murza makullin mota.

"Ce ma mutanen ɗaki su yi haƙuri. Ban sani ba."

Na buɗe baki zan isar, sai muryar Inna ta fito daga ciki, ƙasa-ƙasa, tana fuskantar bango.

"Ba ka yi laifi ba."

Ka. Ba "ce mashi" ba. Na dubi Yaya, ya dubi ƙasa, ya juya ya fita da sauri ya tada mota, har ya manta sauran katifun biyu a ɗaki. Kaka ta ce, "Ji sakarai, kuka zai je yi a hanya."

Ba zan yi ƙarya in ce ciwon ya tafi dare ɗaya ba. Sai da anka haɗa da maganin majo, munka kuma ɗaga murhun suya bisa bulo don ta bar duƙo. Wuyan ne ya fara saki, bayan ya biyo a hankali, har yau in ta wuce kima yana tuna mata. Amma ana gab da komawa makaranta, ina haɗa kayan tafiya jami'a, na shigo ɗaki da la'asar na tarar da kujera a jingine can gefe. Inna ta yi ruku'u, ta sauka a hankali, a hankali, har goshinta ya taɓa ƙasa. Ta daɗe a wurin.

Na fita tsakar gida kada in yi ihu in ɓata mata salla. Na danna ma Yaya bokal, na ce, "Gran, ta sauka. Har ƙasa."